Wa Ke Biya Wa Ƙanena Kuɗin Makaranta?

Zuwa ga Malama Zainaba,

Assalamu alaikum. Don Allah Malama ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri. Kwana goma suka rage in tafi ƙauyenmu biki, can zan haɗu da mahaifinmu, kuma ban sani ba ko in buɗe baki in faɗa masa abin da ke cikina, ko in dawo da shi yadda na tafi da shi. Yau wata huɗu ke nan ina juya maganar nan ni kaɗai. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Idan kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, kaina ba daidai yake ba.

Ni matar aure ce a unguwar Kara-Kara nan cikin Damagaram, 'ya'yana huɗu. Ɗinki nake yi a gida, da yamma kuma ina koya wa matan unguwa karatun yaƙi da jahilci. Maigidana Nomau gyaran babura yake yi a kusa da tasha. Asalinmu Zermu ne, iyayena suna can suna noma. Wanda nake rubuto miki a kansa ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, Ɗan'azumi, shekararsa ashirin da uku. Ni na yi goyonsa. Tun da ya shiga lise, wato babbar sakandare, yake zaune a gidana, a ɗakin zaure, kuma in banda wannan maganar bai taɓa sa ni zubar da hawaye ba.

Ya ci bak, jarrabawar gama lise, a zama na biyu, amma bai samu burs ba, wato tallafin karatu na gwamnati. Na ce ya shiga jami'ar gwamnati inda kuɗin da sauƙi, ya ce shi abin da yake so karatun kasuwanci ne da takardun fiton kaya, irin waɗanda ake yi a duwan, wato kwastan, kuma akwai wata makarantar kuɗi a cikin gari da ke koyar da shi shekara uku mutum ya fito ya kama aiki. Kuɗin shekara ɗaya kuwa, ko an sayar da geron da Baba ya noma kaf an haɗa da awakin Inna, ba zai kai ba. Bayan kaka muka taru a Zermu a rumfar Baba. Baba ya ce buhu biyu na gero duk shekara, abin da ya fi haka ba shi da hali. Nomau ya ce ci da kwana a wuyansa, amma kuɗin makaranta kada a dube shi. Ni kuwa abin da keken ɗinki ke kawowa a bakin yara yake ƙarewa. Sai Ɗan'azumi ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, shi zai biya wa kansa. Baba ya ji daɗi, ya yi ta sa masa albarka. Daga ranar, duk wanda ya zauna kusa da Baba a ƙofar masallaci sai ya sha labarin ɗansa da ke karatu a birni da guminsa.

Shekarar farko a gabana aka yi ta. Nomau ya samo masa babur na haya. Yana idar da sallar asuba sai kabu-kabu har ƙarfe takwas, daga nan makaranta, da la'asar ya je gidaje biyu a Zango ya koya wa yara karatu, Asabar da Lahadi kuma wuni yake a kan babur. Ya rame har sai da na rage masa wandunansa da kekena. Sau biyu aka fitar da shi daga aji ana gab da jarrabawa don bai cika kuɗi ba. Ya faɗi darasi biyu. Wata Laraba gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan babur, ya faɗa kwalbati ya goge ƙafa, sati uku yana ɗingishi. Abin da ya sa nake ba ki wannan labarin, Malama, don ki san ba zato kawai nake yi ba. Na ga da idona iyakar abin da gumin ɗalibi zai iya kawowa a garin nan, kuma bai kai ba.

Sai ga shekara ta biyu ta zo da wani abu dabam. Akwai wata mata, zan kira ta Hajja kawai, 'yar gidan Barebari ce na cikin Birni. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce. Turaren wuta take sayarwa da humra, tana kuma saro atamfa daga Kano. Yadda Ɗan'azumi ya ba ni labari, ya ɗauko ta ne a babur daga Kasuwar Dole, da suka isa ƙofar gida ta miƙo masa wata takarda ta Faransanci ya karanta mata, ya yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ya dawo gobe. Cikin sati biyu ya mayar da babur. Kuɗin makaranta na shekara guda aka biya a zama ɗaya. Tabaran likita da ya daɗe yana bukata tun yana lise ya bayyana a fuskarsa, ga sabuwar waya, ga kumatu sun fito. Kayansa in na ɗauka zan wanke ƙamshin turaren wuta suke yi. Tuwon da nake ajiye masa sai ya kwana a kwano, ya ce ya ci a wurin aiki.

Da farko murna na yi, wallahi murna na yi. Amma da na zauna sai zuciyata ta fara tambayata. Ya ce yamma uku a sati yake yi mata aiki, kuma daga albashinsa yake biyan makaranta. Wane irin albashi ne wannan? Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, wanda ya shekara goma yana aiki, ba zai iya zube wannan kuɗin a rana ɗaya ba. Kuma matar da ba dangin iya ba na baba, ba ta taɓa taka Zermu ba, me ta gani a jikin ɗan kabu-kabu?

Ashe ba ni kaɗai ke tambaya ba. A wani suna a unguwarmu, wata maƙwabciyata ta ce mini, tana dariya, ashe ƙanena ya yi uwar ɗaki, Allah ya sa abin ya tsaya a kasuwa. Wata ta karɓe ta ce ai Hajja na da 'ya budurwa a gida, wataƙila suruki take reno. Ta ukun ta ce ita kanta Hajjar ai ba ta tsufa ba. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi don kada a gane, amma abincin sunan ban iya ci ba.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da na gani farkon damina. Rufin zaure ya yi yoyo, na shiga in janye masa katifa da littattafai, sai wata jakar takardu ta faɗo ta buɗe. Ba bincike na shiga yi ba, ko da yake in faɗi gaskiya, da ta buɗe ban rufe ba sai da na karanta. Na kai ajin ƙarshe na kwaleji kafin in bar makaranta, Faransancina ya isa in gane abin da ke gabana. Takardar rajistar kasuwanci, da sunan Ɗan'azumi. Takardar hayar mangaza biyu, wato ɗakunan ajiyar kaya, da sunansa. Takardun duwan na dilolin atamfa, a wurin da aka rubuta mai kaya, sunansa. Ga hoton katinsa na ɗan ƙasa, ga sa hannunsa a ƙasan kowace. Yaron da ko keke bai mallaka ba! Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar katifar nan na sake karanta su daga farko.

Na mayar da takardun yadda na same su. Bayan kwana biyu na yafa mayafi na tafi Birni da hantsi, na yi tambaya har aka nuna mini gidan, na shiga a kan zan sayi turare. Ko gaisuwa ban gama ba ta dube ni ta ce, ke ce yayar Ɗan'azumi, goshinku ɗaya. Aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo kunun gyaɗa, aka kawo nama. Mace ce mai jiki, mai sanyin murya, ba ta gaggawar magana. Ta yi ta yabonsa, ta ce Allah bai ba ta ɗa namiji ba sai ga shi ya kawo mata har ƙofa a kan babur. Ta tambayi Baba da Inna, ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, abin da ya sa gabana ya faɗi, don ban san ya zauna ya zayyana mata gidana haka ba. Na yi ta neman wurin da zan saka maganar takardu, duk inda na nufa sai ta riga ni da wani alherin. Da zan tafi ta haɗa ni da turare, da humra, da turmin atamfa, ta ƙi karɓar ko dala. A bakin ƙofa ta dafa kafaɗata ta ce, “Ki kwantar da hankalinki 'yata. In ya gama ba zai sha wahalar neman aiki ba, aikinsa na nan yana jiransa.” Wataƙila wani ya ji wannan ya ce albishir ne. Ni ji na yi kamar an gaya mini an riga an saye shi. Atamfar na nan a ƙasan akwati, na kasa sa mata almakashi.

Kafin a rufe makaranta na je can ma. Na samu wani mutum a biro, wato ofishin makarantar, na ce ni yayarsa ce, iyayenmu sun aiko ni in ji yadda yake. Ya duba ya ce makinsa bana ya yi kyau ƙwarai, sai dai ya yi fashi kusan sati uku in an haɗa. Na tambayi wanda ya biya kuɗin. Ya ce wata Hajiya ce ta zo da kanta, sunanta ne a takardar biya. Kwanakin fashin nan kuwa na tuna su sarai, cewa ya yi mini makaranta ce ta tura su koyon aiki.

Ranar da na tsare shi, bayan la'asar ne, Nomau ba ya gida. Na zube masa komai. Bai yi musu ba. Ya ce tafiye-tafiyen nan bakin iyaka yake zuwa rakiyar kaya. Ya ce ba shi da wani albashi, ita ke biyan makaranta, ta ciyar da shi, ta ba shi na kashewa, amma ai aikinsa ne ya jawo, ba sadaka ba ce. A kan takardun kuma ya ce 'yan'uwan mijinta ne ke rigimar gado da ita, duk abin da suka ga da sunanta sai su ce na marigayi ne, alhali dukiyar tata ce tun kafin ta shiga gidansu, shi ya sa ta ari sunansa kafin a gama shari'a. Na ce wa ya shaida? Ya ce amana ce. Na ce in kayan nan akwai wani abu a cikinsu wa za a kama? Ya ce shi da ke karanta harkar ya fi ni sanin abin da ke cikin dila. Sai ya cire tabaransa ya dube ni ya ce, “Yaya, bara da nake faɗuwa a kan babur ba wanda ya tambaye ni ina nake samun kuɗi. Bana da na ƙoshi kowa ya zama mai bincike.” Ya ce kuma in na gaya wa Baba, in san ni na kashe masa karatu. Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, ranar Talatar da ta wuce bayan azahar wasu mutum biyu suka yi sallama a ƙofar gidanmu, da manyan riguna. Ɗayan ya ce sunansa Kyari, ƙanen marigayi mijin Hajja ne, suna neman Alhaji Ɗan'azumi mai mangaza. Alhaji fa, Malama! Ba su ɗaga murya ba, har ruwa suka sha. Amma Kyarin ya yi ta kallon zauren, da katifar, da bokitin da muke tarar yoyo, yana murmushi. Suka ce za su dawo. Dole na gaya wa Nomau komai. Ya ce ba za a jawo masa jandarma gida ba, ko Ɗan'azumi ya bar aikin matar nan ko ya bar masa zaure, kuma in ban gaya wa Baba ba shi zai gaya masa.

Ga shi an koma makaranta, shekara ɗaya ta rage masa, ta ƙarshe. In ya bar Hajja ba mu da abin biya. In ya zauna ban san inda sunansa zai kai shi ba. Baba na da hawan jini, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi a duniya kamar yaron nan. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ma na so in ci gaba da karatu, rashin kuɗi ya zaunar da ni, ba wanda ya ce ga shi. Wani lokaci ina tambayar kaina ko hassada ce ke sa nake ganin baƙi a abin da yake fari. Shin matar nan mai taimako ce ko mai ɗana tarko? Ƙanena da kansa yake biyan karatunsa, ko da kansa ake biya? In faɗa wa Baba, ko in yi shiru? Don Allah kada ki saka sunana.

Yayar Ɗalibi, Kara-Kara, Damagaram

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Zarginki iri biyu ne kika haɗa a ƙwarya ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Maganar matan gidan suna ki zubar da ita. A duk abin da kika rubuto ban ga ko abu ɗaya da ke nuna akwai wata alaƙa ta banza tsakanin ƙanenki da matar nan ba. Ƙamshin turare a jikin mai aiki a gidan turare ba hujja ba ce. In kika bari wannan zancen ya shiga bakinki ranar da za ki yi magana da shi, ko da ita, kin ɓata sauran maganar da ke da tushe, kin kuma ɗauki alhakin macen da mijinta ya rasu ya bar ta.

Takardun nan kuwa, a kansu kina da gaskiya, kuma ba hassada ce ta rubuta sunansa a kansu ba. Ban san Hajja ba, ba zan ce miki muguwa ce ba. Mai yiwuwa ne tana ƙaunarsa tsakani da Allah, kuma a lokaci guda tana amfani da shi. Mutane da yawa haka suke, har su kansu ba su san inda alherin ya tsaya bukata ta fara ba. Mai yiwuwa ne kuma abin da ta faɗa gaskiya ne, dukiyarta ce dangin miji ke son cinyewa, don ana yi wa mata haka. Amma ko da ita ce mai gaskiya, hukuma ba ta san aron suna ba. Wanda ya sa hannu shi ne mai kaya. Haraji shi za a nema, in an sami abin da bai dace ba a cikin dila shi za a riƙe, in alƙali ya ce an ɓoye dukiyar gado shi ne maɓoyar. Idan kuma akwai haƙƙin magada a cikin mangazar nan, to maganar ta wuce ta hukuma, ta zama tsakaninsa da Allah. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba albashi, ba rubutu, ba shaida. Ranar da suka saɓa, ita tana da takardar da ke nuna ta biya masa makaranta, shi kuwa ba shi da abin da ke nuna ya yi mata aiki ko na wuni ɗaya.

Kin tambaya ko da kansa yake biyan karatunsa. A'a. Amma ki bar ni in faɗi abin da ba zai yi miki daɗi ba. Bara ma bai iya ba, kuma dukanku kun gani. Ɗalibi na iya nemo na sabulu, da na takardu, da na abin hawa. Wanda zai ɗauki kuɗin makarantar kuɗi gaba ɗaya shi kaɗai, ya kuma sami lokacin karatu, da wuya ki same shi a garin nan. Ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa a gaban mahaifinsa, ku kuma kuka karɓa da sauri don ya sauke muku nauyi. Ƙaryar da ya yi miki ba daidai ba ce, amma yaron da aka yi ta yabo a ƙofar masallaci da wane baki zai dawo ya ce ya kasa? Maganar da ya gaya miki ranar da kika tsare shi akwai gaskiya a cikinta, ki karɓe ta.

Don haka da shi za ki fara, kuma ba da tuhuma ba. Ki ce masa kun bar shi shi kaɗai bara, kuma kin gane. Sannan ki roƙe shi abu biyu: kada ya ƙara sa hannu a wata takarda, kada ya ƙara raka kaya, har sai wanda ya san doka ya duba waɗanda ke hannunsa. Ba sai kun je nesa ba, a makarantarsu akwai malamin da ke koya musu dokar kasuwanci. Ya kai masa jakar gaba ɗaya ya ji daga bakinsa, zai fi saurarensa a kan ke. Maganar gadon kuma a tambayi malamin da ya san rabon gado.

Daga nan ku je wurin Hajja, ba ke kaɗai ba, kuma ba da sunan sayen turare ba. Ke, da Nomau, da wani dattijo daga danginku, da shi Ɗan'azumin. Ku fara da godiya, don ta cancance ta, ta tsamo yaronku daga wahalar da kuka kasa tsamo shi. Sai ku ce kuna so a cire sunansa daga rajista da haya da takardun duwan, a yanka masa albashi sananne a gaban shaidu, a rubuta, shi kuma ya riƙa kai kuɗin makaranta da hannunsa. A kuma fayyace ko abin da ta biya a baya lada ne ko kyauta, don kada wata rana ya zama igiya. Ba sai kin ci gaba da kwana kina auna zuciyarta ba, amsar da za ta ba ku ita za ta nuna miki ko wace ce. In ta ce ku ba ta kwanaki ta nemi hanya, ku ba ta, amma a faɗi ranar. In ta ce ko dai sunansa ko ba makaranta, to kin sami amsarki, shi ma ya ji da kunnensa. Atamfar ki bar ta a akwati har a yi wannan zaman. Kada ki mayar da ita cikin fushi.

Ki lallashi maigidanki. Tsoronsa na kan hanya, amma in ya kori yaron nan daga zaure, gida ɗaya ne zai karɓe shi, kuma shi ne gidan da kuke gudu. In su Kyari sun dawo, Nomau ya tarbe su, ba ke ba. Kada a yi musu ƙarya, kada kuma a zauna ana ba su labarin da ba a tabbatar ba. Su ma ba ku san gaskiyarsu ba.

Ku kuma shirya wa ranar da Hajja za ta iya janye hannunta. Shekara ɗaya ce. A je makarantar a nemi biya kashi-kashi, yaron da makinsa ya yi kyau ba a cika son rasa shi ba. Kowa ya kawo abin da zai iya, ke da ɗinkinki, Nomau, dangin da ke Zermu, shi kuma ya koma koyar da yara, banda babur na asuba. In duk an haɗa bai kai ba, ya dakata shekara guda ya tara. Jinkirin shekara ana mance shi, sunan da ya shiga takardar kotu yana bin mutum har wurin neman aiki.

Baba kuma yana da haƙƙin ya sani, amma ba a tsakiyar biki ba, kuma ba daga bakin suruki cikin fushi ba. Ki yi ƙoƙari a yi zaman Hajja kafin tafiyarki. Bayan an watse, Ɗan'azumi da kansa ya zauna gaban mahaifinsa, kina gefe, ya ce nauyin ya fi ƙarfinsa yana neman a kama masa. Dattijon da ya shekara yana noma ya san akwai aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Zai ji zafi, amma ba kamar zafin ya ji a bakin baƙi ba.

Ke kuma ki daina tuhumar kanki. Ciwon karatun da kika rasa gaskiya ne, ba laifi ba ne ki ji shi. Mai hassada ba ta bin rana zuwa Birni da makaranta don ta tsare mutuncin wanda take yi wa hassada. Allah ya warware muku cikin sauƙi, ya tsare Ɗan'azumi daga sharrin abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya ba Baba lafiya, ya nuna muku ranar da zai kammala da sunansa a wanke. A gaida Nomau da yara.

Malama Zainaba